Wushiryar da Na Bayar a Gindin Hasumiya

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bai sake ni ba.

Wai Juma'a ce, kamfani ya ba mu hutu. Tun daga nan ya kamata in gane mafarki ne. Shekarata huɗu ina aikin walda a ƙasar mutane, ban taɓa fita kallon gari ba. To matata Hansatu ta matsa min. 'Yarmu Hindatu, wadda aka haifa bayan tahowata, tana son hotona a gaban doguwar hasumiyar nan da kowa ke ɗaukar hoto, ta nuna wa yaran unguwa masu cewa ba ta da uba. Wannan kam ba mafarki ba ne, haka abin yake. Ni kuwa kunyar tura hoto nake, don rana da tartsatsin wuta sun gama da fuskata. Hansatu ta ce, "Kai dai ka yi dariya, Malam. Wushiryarka ta ɗauko, da ita za ta gane ka."

Sai ga ni a ofishin tikiti. Wani bunsuru ne a kan kujera, da tabarau. Ya buga wa tikitina hatimi, ya cinye shi, ya ce in wuce. A waje ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama, kowa ya juya lemarsa yana tafe a cikinta.

Ban yi taku uku ba wani ɗan kamasho ya cafke min hannun riga.

"Ɗan garinmu! Hasumiya ko? Ai ka faɗo hannu na gari, ni ne Ɗan'azumi."

Na ce, "Ga ta can ina gani, sakar min riga."

"Waccan? Ta jiya ce. Ta yau tana bayan shagon wana."

Wallahi na san ƙarya yake. Amma shekara huɗu ba wanda ya kira ni ɗan garinsu, sai na bi shi kamar raƙumi da akala. Ya kai ni shagon wansa, inda ake sayar da iskar teku a kwalba. Ya kai ni shagon ƙaninsa, inda ake ba da hayar inuwa. Duk lungun da muka karya sai hasumiyar ta ɗaga ƙafa ta ƙara matsawa baya. Da na fara masifa, ya ce, "Haƙuri, tana jin kunyar baƙi ne."

Sai ga mu a wani titi mai sheƙi. Mabarata sun jeru hagu da dama a kan kujerun ƙarfe, duk sun miƙo hannu. Ranar da zan baro gida, mahaifiyata ta riƙe ni a zaure ta ce kada in kuskura in wuce hannun da aka miƙo min ranar Juma'a, ko da ƙwayar gero ce in saka. Ban taɓa saɓa mata ba. Na laluba aljihu.

Na farkon ya ce, "Mu nan ba ma karɓar kuɗi. Girarka nake so, tawa ta ƙone."

Na ce, "Allah ya ba da haƙuri."

"Haƙuri muna da shi buhu-buhu, ɗan'uwa. Gira ce babu."

Hannun na nan a miƙe. Na ɓare girar na ba shi, ko zafi ban ji ba. Na gaba ya roƙi hanci. Wata mata ta roƙi kunne ɗaya, wai tana son jin kiran gida. Wani ya karɓe billen da aka yi min ina jinjiri. Ɗan'azumi na biye yana yaba min, yana gutsurar kasonsa daga kowace sadaka yana zurawa a aljihu. Na ce a raina ba komai, su kwashe, ai wushiryar tana nan.

Sai ga hasumiyar ta gaji ta tsaya. Na ɗaga kai, na ga ɗinkin waldata a jikin ƙarafunanta, layi-layi, har inda hannuna ya yi rawa ranar da zazzaɓi ya kama ni. Ashe mu muka gina ta. Mai gadin ƙofa, wani zakara da hular kwano, ya ce waɗanda suka gina ba sa shiga, sai dai su tsaya daga waje su yi sha'awa.

A gindinta wani dattijo na zaune shi kaɗai, sanye da irin kayan aikinmu, sun koɗe. Fuskarsa sumul kamar bayan ƙwarya, bakin ne kawai ya rage. Ya yi min sallama da Hausa tsantsa.

"Yaro, shekarata talatin a nan. Tawa 'yar ma hoto take jira. Taimaka min da wushiryar nan, don Allah."

"Baba, ita kaɗai ta rage min. Da ita za a gane ni."

"Ni ma haka na faɗa wa wanda na ba tawa."

Ya miƙo hannu, bai janye shi ba. Raina ya ɓaci, na ji tsoro, na ji tausayi, duk a lokaci guda. Na duba ko'ina ko wani zai ce yau Asabar ce, ba wanda ya ce. Na zare wushiryar na ɗora masa a tafi, haƙorana suka haɗe ƙyam.

Wani mai hoto da ke wurin ya ce in yi dariya. Na yi. Hoton ya fito tas: ga hasumiya, ga rigata, ga hular kwanona ta aiki, ƙarƙashinta ba kowa. Ruwan nan mai hawa sama ya ɗauke shi ya tafi da shi gida. Can sai na jiyo muryar Hindatu daga cikin gajimare, ƙarama, tana murna.

"Umma, kin ga hasumiyar! To ina Baban?"

Kusa da dattijon akwai wata kujera da ba kowa a kanta, an riga an rubuta sunana a jiki: Sabi'u. Ɗan'azumi ya kakkaɓe min ita. Na zauna. Hannuna ya miƙe da kansa.

Hon ɗin motar kamfani ne ya tashe ni, direba ya danne shi kamar kullum, abokan ɗaki na ta rige-rigen banɗaki. Na kai harshe na taɓa wushiryar, tana nan. Na jawo waya, yau kam ko a gaban gadon nan ne sai na ɗauki hoton. Sai na tarar da saƙon Hansatu: "Malam, kada ka damu kanka da maganar hoton nan. Ta daina tambaya."