Kujerun Aro

Abin ya fara ne a watan da kuɗin magani ya ninka, fanshon Akawu kuwa yana nan cak inda aka ajiye shi tun ranar da ya bar aiki. Akawu ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan kantar gidan waya, yana auna wasiƙu yana buga hatimi, har tsufa ya sallame shi, daga baya kuma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Hannun nan da ya yi ta buga hatimi, yau ko kofi ba ya iya riƙewa. Matarsa, wadda kowa a layin ke kira Gwaggo, ita ke juya shi, ta yi masa wanka, ta ba shi ƙwayoyin da likita ya ce in aka daina su ciwon zai sake bugawa, kuma ba lalle ne ya tashi ba. Tun da farashi ya haura ta koma raba ƙwaya biyu da wuƙa, rabi yau rabi gobe, tana yi tana ba shi baya don kada ya gani.

Ana cikin haka aka ji ofishin tallafa wa marasa galihu ya fito da sabon shiri: duk tsohon da ke jinya, in an tabbatar da talaucinsa, za a riƙa ba shi magani kyauta da ɗan abin cefane. Gwaggo ta lulluɓe fuska da mayafi, ta je ta bi layi ta ba da suna ba tare da ta gaya wa kowa ba. Aka ce ta koma gida, jami'i zai zo ya gane wa idonsa. A ƙa'idar ofishin, talauci ba abu ne da ake karɓa daga bakin mai shi ba, sai an zo an juya shi an duba, kamar akuyar da ake ciniki.

Abin dubawar ma ba shi da yawa. Ɗaki ne da falo a gidan haya. Kujerun falon sun tafi a shekarar farko ta jinya, firij ya bi su, sannan rediyo, sannan keken ɗinkinta. Abin da ya saura shi ne gadon ƙarfe, tabarma, akwati ɗaya, dutsen guga, da agogon bangon da aka ba Akawu ranar ritaya, wanda shi ma ya daɗe da yin tasa ritayar. A simintin falon akwai sawun ƙafafun kujeru, wanda shara da wanki suka kasa gogewa, ko da yake Gwaggo ba ta taɓa barin rana ta fito ba ta share gidan ba. Daga sallar asuba sai tsintsiya, haka take tun tana amarya.

Da ta tsaya ta ƙare wa falon kallo, abin da ya dame ta ɗaya ne: a ina baƙon zai zauna? Ma'aikacin hukuma zai shigo gidan tsohon ma'aikacin hukuma, a nuna masa tabarma? Ta saka takalmi ta tsallaka gidan maƙwabciyarta Mai Kujeru, wadda sana'arta ke nan ba da hayar kujeru da darduma da fanka ga masu taro. Ta ce mata babban baƙo za su yi. Mai Kujeru ta ɗauka surukai ne ko wani tsohon maigidan Akawu, ta ce ai Gwaggo ta wuce a karɓi kuɗinta. Ta sa aka kai kujerun kushin biyu, da darduma ja, da fanka mai tsayuwa, da labule, ta ƙara da wata talabijin da ba ta kama komai amma tana cika kusurwa. Gwaggo ta goge farar rigar Akawu, ta aske masa gemu, ta kafa masa hula, aka jingina shi da matashi kamar mai jiran a ɗaura masa lambar yabo. Da canjin da ya rage mata ta sayo lemon kwalba mai sanyi.

Jami'in saurayi ne mai tsinin takalmi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya nutse cikin kushin, ya juyo da fankar saitin wuyansa, ya shanye lemon tas. Ya yaba tsabtar gidan, ya ce da duk inda yake shiga haka ne da bai tsani aikin nan ba. Sannan ya ɗaga wayarsa ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoto, Gwaggo na gyara masa labule don haske ya shigo sosai. Bai tambayi magani ba, ita kuma ba ta ga dacewar a tari baƙo da koke ba. Da zai tafi ya ce yaya rayuwa, ta ce Alhamdulillahi, suna cikin rufin asiri. Ya sunkuya ya rubuta.

Da ta koma ofishin jin sakamako, wata mata ce a bayan taga tana cin cingam. Ta karanto mata daga kwamfuta cewa gidan yana da kushin, darduma, fanka da talabijin, majiyyaci kuma fes yake, babu alamar wahala a tare da shi.

"Kuma Mama, ke da bakinki kika ce kuna cikin rufin asiri. Ga shi nan a rubuce."

Gwaggo ta matso kusa da tagar, ta yi ƙasa da murya ta ce kayan nan duk na aro ne. Matar ta dakata da taunar cingam, ta juya ta kira abokiyar aikinta ta zo ta ji sabon salo: kowa ɓoye kaya yake yi in za a zo, ga wata baiwar Allah ta je ta aro. Sai da suka yi dariyarsu ta ishe su, sannan aka ce tana iya neman a sake dubawa, za a turo wani.

Mai Kujeru ba ta yi dariya ba da ta ji labarin, salati ta yi ta riƙe haɓa.

"Haba Gwaggo! Da kin ce min mutanen tallafi ne, ai ba wannan ɗakin zan buɗe miki ba."

Ta ja ta zuwa wani ɗan ɗaki a bayan gidan. A ciki akwai katifar da audugarta ta fito ta ko'ina, tabarmi masu cinyayyen baki, tukunya baƙa mai huji, fitilar ƙwai marar gilashi, bokitin taren yoyo, da tsummokara a jere a kan igiya kamar a shagon tela. Ta ce tun da aka fara shirin, wannan ɗakin ya fi kujerun kawo ciniki. Ta lissafo mata waɗanda suka amfana: uwar ɗan kwangilar nan mai gidan bene, da surukin mai kantin kayan gini, da wata da ɗanta ke aiko mata da kuɗi daga ƙasar waje. Katifar nan kaɗai, in ji ta, ta kwana a gidaje da yawa, an ɗauke ta hoto ya fi na amarya, kuma har yau ba jami'in da ya ce ya taɓa ganinta. Ta ƙara da shawara kyauta: a daina shara, a bar kwanuka da ƙuda, a bar gemun Baba Akawu ya yi buzu-buzu, in an yi tambaya kuma a fashe da kuka.

"Godiyar Allah kuwa ki adana ta sai sun fita. Ba sa ba ta maki."

Gwaggo ta ja mayafinta ta ce Allah ya tsare ta da yin hayar talauci alhali tana da nata na kanta, wanda ba ta ara a wurin kowa ba. Ƙarya ta yi a karon farko ba da niyya ba, a karo na biyu gaskiya za ta nuna, gaskiyar kuma ta isa.

Aka turo wani, ashe shi ne dai mai tsinin takalmin. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda zai zauna, bai samu ba. Falon wayam, a share ƙal, sai tabarma a naɗe a jikin bango. Akawu na kan gadonsa cikin wankakkiyar riga. Gwaggo ta yi masa bayani tiryan-tiryan, har ta ɗauko kwalbar maganin ta nuna masa rabe-raben ƙwayoyin. Bai karɓa ba. Ƙasa yake kallo, yana murmushin wanda ya kama ɓarawo, ya nuna sawun ƙafafun kujeru da tsinin takalminsa ya ce ga shaida nan, kwanan nan aka janye su. Ta ce wannan sawun kujerunta ne na da, waɗanda ta sayar ta biya kuɗin asibiti. Ya ce kowa haka yake faɗa.

Amma da yake ya sha lemonta, sai ya ga ya kamata ya taimaka mata da ilmi. Ya ce shi ba shi ke yanke hukunci ba, hoto yake turawa, manya a can sama su duba su ba da maki. Su kuwa manyan sun san kamannin talauci, sun yi taro a kansa a otal, an nuna musu shi a majigi.

"Mama, ki duba ɗakin nan tsakani da Allah. Ko tsinke babu a ƙasa. Baba kuma kamar za shi ɗaurin aure. In na tura wannan, cewa za a yi gidan mai hali ne da ke shirin tashi. Talaka ba ya da lokacin guga."

Ya ce zai yi mata alfarma ya rubuta cewa bai same su a gida ba, ya dawo kafin ƙarshen wata. Daga wannan kuma an rufe. Ya fita yana kakkaɓe rigarsa, ko da yake babu abin da ya taɓa ta.

Da la'asar ta yi, Gwaggo ta yi alwala ta yi salla, ta zauna a kan sallaya ba ta roƙi komai ba, don ta rasa yadda za ta jera maganar. Sannan ta tashi ta zazzage kwalbar a tafin hannunta. Abin da ke ciki ba zai kai ƙarshen wata ba ko da ta koma raba rabin. Ta juya baya kamar kullum, ta kai hannu ga wuƙa, sai ta ji Akawu yana kiranta da wannan muryar tasa da ciwo ya karkatar. Ta matso ta kai kunne.

Ya ce ya daɗe da sanin aikin wuƙar, ɗacin rabin ƙwaya daban yake a harshe. Ya huta, ya tattaro numfashi, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafa haɓarsa da ta sha aski.

"Ki bar gemun," in ji shi.

Mutumin da bai taɓa fita ko bakin titi ba sai da guga, wanda ya taɓa mayar da masinja gida saboda maɓallin riga ɗaya. Ta dube shi, shi kuma ya mayar da idonsa kan mataccen agogon. Ta ba shi rabin ƙwayar da ruwa, ta goge masa baki, ta cire masa hular ta saka a akwati tare da farar rigar da rezar aski. Ta ɗauki tsintsiyar daga bayan ƙofa, ta juya ta a hannu, ta cusa ta can ƙarƙashin gado inda hoto ba zai kai ba.

Da safe za ta je wurin Mai Kujeru ta karɓo katifar da tukunyar, kuma ta biya kuɗin haya kamar kowa. Kuka dai ba za ta yi musu ba, Alhamdulillahi kuma za ta faɗe ta a zuci. Amma daga yau ba za ta sake share gidan ba sai sun zo sun tafi.