Maganin Jawahir

Ɗaya bayan ɗaya Alhaji Mala yake ɓallo ƙwayoyin daga fakitinsu yana jefawa a magudanar tsakar gida. Da ya gama, ya ɗauki buta ya bi su da ruwa. Matarsa Yagana na tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu.

"Wata biyar!" ya ce. "Wata biyar kina ɗura wa 'yata maganin mahaukata, sai a Kantin Kwari zan ji a bakin maƙwabcin shagona?"

"Alhaji, ai na gaya maka muna zuwa asibiti."

"Kin ce asibiti. Ba ki ce na ƙwaƙwalwa ba."

Gaskiya ne, ba ta faɗa ba. Lokacin da 'yarsu Jawahir, mai shekara goma sha shida, ta daina barci, ta fara toshe kunne tana cewa ana kiran sunanta daga cikin bango, Yagana ta san mijinta, don haka ta kai ta wurin likita ba tare da dogon bayani ba. Cikin 'yan makonni muryoyin suka yi ƙasa. Yarinyar ta yi ƙiba, tana gyangyaɗi da hantsi, amma ta koma makaranta, har ta soma tsokanar ƙannenta.

"Babu hauka a zuriyarmu," in ji Alhaji. "Iska ce. Ranar Asabar malam zai fara mata ruƙiyya."

"A yi ruƙiyyar, wa ya ƙi addu'a? Amma likita ya ce kada a tsayar da maganin farat ɗaya."

Ya zaro katin asibitin daga aljihu ya yayyaga. "Kika sake kai ta can, a bakin aurenki."

Labulen ɗaki ya motsa kaɗan. Jawahir ta ji komai.

* * *

Mako biyu aka yi lafiya, har Alhaji ya fara yi wa Yagana kallon ba-na-gaya-miki-ba. A mako na uku Jawahir ta daina cin abinci. Ta lulluɓe madubin ɗakinta da zani. In an yi mata magana sai ta karkata kai, kamar mai sauraron wani a bayan mai maganar.

Ranar Talata da safe, bayan Alhaji ya tafi kasuwa, Yagana ta kai mata kunu ta tarar da ɗakin wayam.

Ta yafa mayafi ta tari adaidaita. Makaranta, ba su gan ta ba. Gidan ƙanwar Yagana a Rijiyar Lemo, ba ta je ba. Sai a lokacin ta yarda ta tuna abin da take gudun tunawa: a farkon ciwon, Jawahir ta taɓa ce mata muryoyin suna umartar ta ta je layin dogo.

"Tashar jirgin ƙasa," ta ce da direban. "Don Allah ka yi sauri."

Suna cikin cunkoson Fagge wayarta ta yi ƙara.

"Hajiya, Chinyere ce, mai shagon magani ta Sabon Gari. 'Yarki tana wurina. Ki zo yanzu."

* * *

Jawahir na zaune a benci bayan kanta, hijabinta a bai-bai, takalmi ƙafa ɗaya. A ƙafa ta zo. Hannunta na damƙe da fakitin maganin nan fanko, wanda ta tsinto a shara ta ɓoye.

Chinyere, wadda suka saba sayen maganin a wurinta, ta ja Yagana gefe. "Ta ce in ba ta ko guda ɗaya. Ba zan iya ba, Hajiya. Babu takardar likita, kuma tunda an tsayar da maganin, sai likita ya sake duba ta. Zan rufe shago in raka ku asibiti."

"Mahaifinta ya yi rantsuwa," Yagana ta ce da ƙyar. "In na kai ta, aurena ya mutu. Ina da ƙanana uku."

"Inna."

Yagana ta juya. Idanun yarinyar sun yi ja, amma a kanta suke tsaye.

"Sun dawo, Inna. Da safe sun ce in bi ta tasha. Na biyo nan ina toshe kunne. Gobe ban sani ba ko zan iya."

Yagana ta durƙusa ta cire takalminta ta sa wa 'yarta. Ta daɗe kanta a sunkuye, tana riƙe da ƙafar mai ƙura.

"Maman Adaeze," ta ce da Chinyere, "rufe shagon."

* * *

Bayan wata biyu Alhaji Mala ya yanka rago. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, 'yan'uwa da abokan kasuwa suka taru. Muryarsa na shigowa har cikin gida.

"Da na biye wa mata, da yanzu sun mayar min da yarinya 'yar ƙwaya. Ga ta nan garau, ba asibiti ba komai."

Baƙin suka yi ta hamdala.

A madafa, Yagana ta tura ƙofa da ƙafa, ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɗan ƙullin leda na maganin da likita ya sake rubutawa. Jawahir ta miƙa tafin hannu. Sai suka ji takun wata gwaggo tana nufo su tana tambayar faranti.

Randar ruwa tana can tsakar gida, cikin mutane. Jawahir ta juya fuskarta ga bango, ta haɗiye ƙwayar a bushe, ta ɗauki tiren nama ta fita gaishe da baƙin mahaifinta.