Dattijo a Bayan Gilashi

Abin da Muktar ya fara gani da ya tsayar da babur ɗinsa shi ne ƙeyar wani dattijo, fara fat da furfura, manne da gilashin ƙofa daga ciki. Dattijon yana zaune dirshan a ƙasa, bayansa jingine da ƙofar, hularsa ta faɗi gefe. A waje kuwa mutane sun cika gaban kantin, kowa na faɗin tasa, wani da Fulatanci, wani da Hausa, wani da Faransanci.

Kantin maganin dabbobi ne, na Madam Albertine, a bakin hanyar kasuwar shanu ta garin Garwa. Ita ce ta kira shi a waya: ƙofa ta ƙi buɗewa, an ɗauke wuta, ga mutum ya faɗi. Ana cikin watan Maris, rana tsaka, irin zafin da ke sa kwalta ta yi laushi.

"A ba ni hanya," in ji Muktar, ya sauke jakar kayan aikinsa.

Shekara goma sha tara yana gyaran ƙofofin kantuna a garin nan, kuma wannan ƙofar ya san ta. Gilashi ne mai kauri, nauyinsa ya kai na ƙaton mutum, yana zaune a kan wani inji da aka binne a ƙasa, wanda ke mayar da ƙofa a hankali in an sake ta. Ya durƙusa. Baƙin mai ya malalo daga ƙarƙashin murfin injin, ya yi tabo a kan tayil. Ya kama hannun ƙofar ya ɗan jawo. Ko motsi.

Mako uku da suka wuce ya buɗe wannan murfin, ya ga tsatsa, ya ga ruwan goge-goge ya taru a ciki. Madam ta tambaye shi ko a sauya injin. Sabo sai an yi odarsa daga Duwala, shi kuma yana sauri zuwa wani aiki a Pitowa, sai ya tsane ruwan, ya ɗaure noti, ya ce mata zai kai damina lafiya lau.

"Kai ne mai gyaran?"

Wani matashi ne, ƙaƙƙarfa, rigarsa duk jinin mayanka, riƙe da guntun bulo a hannu. Umar Faruƙ sunansa, mahauci, kuma dattijon da ke ciki, Alhaji Mahamman dillalin shanu, mahaifinsa ne.

"Matsa in fasa ta."

Muktar ya miƙe ya tsaya tsakaninsa da ƙofar. "Dubi inda kansa yake. In ka fasa, duk nauyin nan a kansa zai zube, a wuyansa da fuskarsa."

"To a janye shi mana!"

"Na gwada!" Madam Albertine ta ɗaga murya daga ciki, gumi ya jiƙa farar rigarta sharkaf. Mace ce 'yar siririya, Alhaji kuwa mutum ne mai jiki. Tana yi masa fifita da kwali, ɗaya hannun a kan wuyansa. "Zuciyarsa ce. Yana numfashi, amma da ƙyar."

Tagogin kantin duk da ƙarafa. Ƙofar baya an toshe ta da siminti tun bara, bayan ɓarayi sun shiga. Babu wata hanya sai wannan.

"Ka ba ni minti goma," in ji Muktar.

"Biyar," in ji Umar Faruƙ, bai kuma ajiye bulon ba.

Ƙofar tana riƙe ne a wuri biyu, sama da ƙasa, da wasu faranta na ƙarfe da suka matse gilashin. Notunan farantin sama ta ciki suke. Muktar ya zaro ɗan siririn makullin noti ya tura ta ƙarƙashin ƙofa, kusa da gwiwar dattijon.

"Madam, ki hau kujera. Ki ɓalle murfin nan na sama da farce. Yauwa. Kin ga notuna biyu? Ki juya hagu."

Ta hau, ta sa makullin, ya zame. Ta sake, ya sake zamewa, ya faɗi ƙasa da ƙara.

"Hannuna duk gumi ne."

"Ki goge da rigarki. A hankali. Ki tura shi ya shiga sosai tukuna."

Ya waiwaya ya dubi taron. "Ina son mutum huɗu masu ƙarfi. Ba masu surutu ba." Mahauta uku suka fito. Ya dubi Umar Faruƙ. "Kai ne na huɗu. Da hannu biyu ake riƙewa."

Matashin ya dube shi, ya dubi mahaifinsa, sannan ya saki bulon. Muktar ya jera su, biyu kowane gefe, ya raba musu tsummoki, ya nuna musu inda za su dafa. Ya ce in gilashin ya taho kada wanda ya ja, kada wanda ya saki, kuma kada kusurwarsa ta taɓa ƙasa, don a kusurwa yake fashewa.

Noti na farko ya kwance. Na biyu ya ƙi. Madam ta rataya a kansa da duk ƙarfinta, kujerar na girgiza. A ƙasa kan Alhaji ya zame kaɗan, ya langaɓe a kafaɗarsa.

"Baaba!" Umar Faruƙ ya buga gilashin da tafin hannu. "Baaba, kana ji na?"

"Kar ka buga!" Muktar ya daka masa tsawa. Shi kansa bai san muryarsa na kai haka ba.

Notin ya yi ƙara, ya saki. Farantin waje ya faɗo a hannun Muktar, saman ƙofar ya rinjayo waje, mahautan suka tare shi da nishi. Saura a ɗaga ta daga kan injin. Ya zura ƙarfen banƙara a ƙarƙashi, ya sa guntun katako tsakaninsa da gilashi, ya danna. Tsatsa ta riƙe. Ya sake dannawa, yana jin gilashin na kuka a hankali, irin kukan da ya sani, wanda daga shi sai tarwatsewa. Ya tsaya, ya matsar da katakon da faɗin yatsa, ya yi bisimilla, ya danna.

Ƙofar ta ɗago.

"Baya! A hankali, a hankali!"

Madam ta riga ta sauko ta rungumo kafaɗun dattijon don kada ya bi ƙofar ya kife. Wani zafi mai warin magani ya buso daga cikin kantin. Kafin a gama jingine gilashin da bango, Umar Faruƙ ya sungumi mahaifinsa, aka sa su a bayan wata motar ɗaukar nama, aka nufi asibiti. Idanun Alhaji a rufe suke, hannunsa ɗaya na lilo.

Taron ya watse kaɗan-kaɗan. Muktar ya zauna a bakin kantin ya kwance murfin injin. Ruwa ne ja a ciki, sifirin ɗin ya karye gida biyu, ɓari ɗaya ya cushe inda ƙarfen ke juyawa. Ya daɗe yana kallonsa. Madam Albertine ta zo ta tsaya a kansa, ita ma ta kalla. Ya ɗauki guduma da kurfi ya fara sassaƙe simintin da ke kewaye da injin don ya ciro shi.

Wajen la'asar wayarta ta yi ƙara. Ta koma ciki ta amsa, ta fi sauraro a kan magana. Da ta fito sai ta tsaya riƙe da wayar a ƙirji.

"Ɗan Alhaji ne. An shiga da shi ciki, likita bai fito ba tukuna. Yana tambayar sunan mai gyaran ƙofa, da inda yake zaune."

Muktar ya ajiye gudumar. "Ya ce don me?"

"Bai ce ba."

Ya goge baƙin man da ke yatsunsa a jikin wandonsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ki ba shi," ya ce. "Muktar, Unguwar Hausawa. Ki ce masa kuma yau ina nan har in gama."