Motoci Huɗu Masu Sabon Fenti

Ranar Laraba ce, ruwa kuwa tun Litinin bai ɗauke ba. Tela yana shagonsa a bayan barikin soja, ya jawo keken ɗinki tsakiyar ɗaki saboda yoyo, yana kafa anini a kafaɗar wata sabuwar rigar kaki, sai matar ƙaninsa ta faɗo ciki ko sallama babu, zaninta na ɗiga.

Ta ce Auta ya kira ta. Auta shi ne ƙanin Tela, kofur ne, yana cikin sojoji ashirin da aka ajiye gadi a ƙetaren kogi. Ya gaya mata ruwa ya zagaye tantunansu har gwiwa, an kuma hana su motsawa sai da umarni. Daga nan waya ta mutu.

"Yaya, ka yi wani abu," ta ce. "Kai kake shiga wurinsu."

Tela ya yafa leda a ka ya nufi gareji. Manyan motoci huɗu ne kawai ke tashi a duk barikin, ga su nan a jere cikin rumfa, an yi musu sabon fenti, tayoyinsu ma an goge su da man takalmi. Sajen motoci na zaune kan jarka yana cizon farce. Ya ce Janar na zuwa yau duba bariki, Kanar ya hana mota ta taka laka kafin a gan ta, har makullan ya karɓe ya zuba a aljihu. Manjo ya shiga wurin Kanar sau biyu kan maganar yaran, a na biyun aka ce ya fara gyara hularsa tukuna. Akwai tudu kusa da sansanin, in ji Saje, amma Kanar ya ce tantuna a kan tudu ba sa yin layi a hoto, shi ya sa aka kafa su a rairayin bakin ruwa. In azahar ta yi, ruwa zai hau gada.

"Duk barikin nan kai kaɗai kake kama kwalar Mai Ƙyalli ka kwana a gidanka," Saje ya ce. "Je ka gwada."

Mai Ƙyalli shi ne sunan da ƙananan sojoji ke kiran Kanar a bayan idonsa. Tela ya san shi tun yana Kyaftin, kuma duk aninin da ya taɓa hawa kafaɗarsa Tela ne ya ɗinka. Mai aunawa ba a sassauta murya dominsa, don haka Tela ya ji yadda kowane anini ya zo. Yana Kyaftin ya ɓatar da mutanensa a daji, shugabansa ya rasa yadda zai rabu da shi, sai ya yabe shi a sama don a ɗauke masa shi. Aka ɗauke shi, da ƙarin girma. Yana Manjo ma'ajiyar harsashi ta tashi a hannunsa, aka tura shi kwas ƙasar waje kafin magana ta lafa, ya dawo da takardar da waɗanda suka zauna suna aiki ba su da ita. Kowa sai ya tura shi gaba, gaban kuwa sama ne. Yanzu riga biyu ya sa a ɗinka masa: ɗaya ta faretin yau, ɗaya mai aninin Birgediya, wadda ya ce a ajiye a ɓoye.

Tela ya ɗauko rigar fareti ya shiga ofis. Kanar na gaban madubi, ƙamshin turare ya cika ɗakin. Ya tuɓe ta jikinsa ya miƙo ko waiwayowa bai yi ba, Tela ya rataya ta a hannu, ya ji wani nauyi ya bugi cinyarsa daga aljihun rigar.

Ya sa masa sabuwar, ya gyara kafaɗa, ya ɓalla maɓallai. Sai da ya zo kan kwala ya samu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanina yana ƙetare. Mota ɗaya ma ta isa."

Kanar ya dube shi ta madubi, ba tare da fushi ba. Ya ce soja ba gishiri ba ne da ruwa zai narkar. Ya ce bayan fareti za a duba.

"Janar bai taɓa jin mummunan labari daga bakina ba," ya ƙara. "Ka ɗauka da me na kawo nan? Yanke wannan zaren."

Zare ne ya leƙo a gefen wuya. Tela ya ɗaga almakashi, bakin almakashin na taɓa fatar da aka aske da safe. Ya yanke zaren. Sannan ya ce tsohuwar rigar ta yamutse, bari ya kai ta guga. Kanar ya ɗaga hannu alamar ya tafi.

Bai bi ta shago ba. Gudu ya yi zuwa gareji, ya zazzage makullan a cinyar Saje. Saje ya zabura kamar an jefa masa maciji. Ya ce fitar da mota ba umarni tawaye ne, shekara ɗaya ta rage masa ya yi ritaya, ga yara a makaranta. Direbobi suka sunkuyar da kai. Tela bai roƙa ba, ya dai tuna masa cewa shi Saje ne ya koya wa Auta tuƙi, ranar da yaron ya kusa rushe masa katangar gareji. Saje ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga kwano. Ya yi tsaki, ya zaɓi makulli guda, ya kama ƙofar mota.

A lokacin jiniya ta tashi daga bakin titi. Ayarin Janar ya iso, aka rufe babbar ƙofa, ba shiga ba fita sai ya tafi. Saje ya sauko a hankali, ya goge sawun takalminsa daga matakin mota da hannun riga. Tela ya mayar da makullan aljihu, ya je ya goge rigar, ya kai ta ofis.

A cikin rumfa aka yi dubawar. Janar ya shafa jikin mota, ya dubi yatsansa, ya ce bai taɓa ganin bariki mai tsafta irin wannan ba. Aka ci abinci, aka ɗauki hoto. Da la'asar motoci suka fita, suka tarar babu gada, sai ruwa ja mai ɗauke da itatuwa. Masu kwale-kwale ne suka tsamo waɗanda suka samu hawa bishiya. Kanar ya tsaya a bakin ruwa da rigar ceto yana nuni da sanda, wannan ma aka ɗauka.

Ran Asabar aka kira Tela ɗakin gawa na asibitin bariki. Fuskokin ba sa ganuwa. Ya bi hannayen riguna ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan igiya biyu ta kofur da aka ɗinka da zare ninki biyu, don Auta akwai ɓarnar kaya. Ya ce wannan ne.

Aka yi bincike, aka mayar da Manjo wani lungu saboda jinkirin kai rahoto. Wata bai cika ba, odilan Kanar, sojan da ke yi masa hidima, ya zo karɓar riga ta biyu, mai aninin Birgediya. Tela ya duba ɗinkin, babu inda ya karkace, ya naɗe ta a leda ya ba shi.

An rasa mutum shida, bindiga goma sha ɗaya, tanti biyar da gada guda. Motocin nan huɗu ko kwarzane babu wadda ta yi.