Baƙuwa a Bakin Famfo

Nazifa ta gyara zama a gindin dalbejiya, ta sake duban layin jarkokin da ke bakin famfon burtsatse. Tun hantsi take nan, ga la'asar ta kawo jiki, amma ko harara ba ta gani ba.

Faɗa ta zo nema Argungu. Aikinta na kammala karatun nazarin halayyar ɗan Adam a Birnin Kebbi shi ne ta gano yadda rigima ke tashi a layin ruwa. Malam Munzali, mai duba aikin, ya riga ya dawo mata da shi. Ya ce in ta kuma kawo masa abin da mutane suka faɗa da baki maimakon abin da suka aikata, sai ta maimaita shekara.

"Ki zauna ki zuba ido kawai," in ji shi. "Da zarar sun san abin da ya kai ki, aikin ya lalace."

Shi ya sa ta zaɓi unguwar da ba a san ta ba, wadda aka ce kullum sai an fasa bokiti a famfonta. Amma yau, ikon Allah! Wannan ta ce, "Bismilla, tara naki," waccan ta ce, "A'a wallahi, ke kinka riga ni." 'Yan mata kuwa kowace sai ta zo ta rusuna ta gaishe ta. Wata Sumayya har gida ta koma ta sako sabon mayafi. Takaici ya ishi Nazifa kamar ta yi kuka.

Wata dattijuwa mai suyar ƙosai, wadda kowa ke kira Goggo, ta matso kusa da ita.

"To ɗiyata, wacce kinka zaɓa mishi?"

"Wa fa, Goggo?"

"Yayanki mana! Mace ta taso daga Birni, ta zauna shiru tana ƙare ma 'yan mata kallo, ai binciken aure ne. Ni da kaina na shaida ma unguwa tun da safe, kowa ta ja kunnen ɗiyarta."

Nazifa ta dafe kai. "Goggo, ni ko yaya ba ni da shi. Makaranta ce ta aiko ni."

Kafin ta rufe baki magana ta zaga layi. Sumayya ta tuɓe mayafin ta ci ɗamara da shi, ta yi fatali da jarkar da ke gabanta.

"Ashe a banza na wuni a rana ina ba mutane hanya!"

Bokiti ya tashi sama, wuri ya kaure. Faɗa ne mai kyau, irin wanda Nazifa ta wuni tana roƙon Allah ya kawo, sai dai ita ta haddasa shi, kuma kowa ya san abin da ya kawo ta.

"Ke 'yar makaranta!" Sumayya ta ƙwala mata kira. "Tunda kallo kinka zo yi, faɗa muna, wa ta riga zuwa?"

Nazifa kuwa ta san amsar sarai. Ta miƙe ta shiga tsakiyarsu tana jera jarkoki, tana tunanin ko za a bar mata ɗakinta na makaranta baɗi.