Yatsan Mai Takaba

Da rani 'yan banga sunka kashe Ummaru a fadamar Danchadi, a tsakiyar albasarsa, don ya ƙi sakar wa wani babban ɗan jam'iyya gonar. Da gora sunka fasa masa kai. Maza sunka binne shi, kowa ya koma gida ya ja bakinsa.

Matarsa Dije ba ta ja nata ba. Tana cikin takaba ta sa aka rubuta mata koke zuwa ga hukuma: a kama masu kisan, a bar mata fadama. Matan unguwa sunka riƙa shigowa kamar masu gaisuwa, kowace ta dangwala yatsa. Tawadar kuwa shuɗiya ce, sabulu bai fidda ta.

Zance ya kai kunnen Na'Allah, shugaban 'yan bangar, ya rantse sai ya bi gida-gida ya duba hannuwa. Nan da nan mata sunka ƙunsa lalle, ya rufe tawadar. Shatu maƙwabciya ta kawo wa Dije nata kwaɓin.

"Ƙunsa, Yaya, don Allah."

"Mai takaba da lalle? Kabarinai bai bushe ba in yi ado? Ɗauke abinki."

Da hantsi Na'Allah ya ture zana ya shigo da mutanensa.

"Tsohuwa, mu ga hannu."

Ta miƙa masa har hanci, tawada shuɗiya a yatsanta. "Ga shi, ɗan banza."

"Ke da su wa?"

"Tai ka tambayi uwarka Arzika mi ya sa ta yi lalle babu biki."

Sunka danne ta, sunka aza hannun bisa bakin turmi. Na'Allah ya ɗaga taɓarya ya sauke. Ƙashi ya ce ƙaras. Dije ta kurma ihu, ta haɗa da zagi har kakansa. Amma bai shiga gida na gaba ba, don na uwarsa ne.

Shatu ta naɗe hannun da tsumma tana kuka.

"Bari kukan, kama ni in tashi."

Mai takaba ba ta yawo, amma ranar ta hau motar Bodinga, koken a ƙugunta, mata cike da motar, har da Arzika. A ofishin hukuma magatakarda ya ce ta aje koken, za a duba.

Dije ta kwance tsumman, ta aza hannun bisa teburinsa, jini na bin katako.

"Duba yanzu. Ba ni tashi."

Mata sunka zazzauna a bakin ƙofa, babu ta inda zai fita. Ya jawo takardar, ya fara karantawa.