Ba Za a Kai Ubanka Gajimare Ba

"A'a, bari in gama. Tun ɗazu kake zuba kamar famfon da ya lalace. Wa ya kawo maka ƙararta? Ni na ce maka ta dame ni?"

Babban ɗanta ne a waya. Iya ta riƙe wayar nesa da kunne, tana hararar mai gyaran da ya turo. Bawan Allah yana tsaye a bakin ƙofar falo, rungume da kwalin sabuwar kwamfuta kamar wanda aka miƙa wa jinjirin da ba nasa ba.

Tsohuwar kwamfutar kuwa tana kan teburinta kusa da taga, an lulluɓe ta da ɗankwali saboda ƙura. Asali ta ɗan nata ce. Shi mutum ne da ba ya iya ganin sabon abu a hannun wani ya yi barci. Da an ce an fito da wata, sai tasa ta fara yi masa wari. Tsofaffin duk gidan Iya ake jibge su, har ƙarƙashin gadonta ya koma maƙabartarsu. Wannan ce kaɗai ta tsira, don marigayi maigidanta ya ɗauke ta yana wasa da ita lokacin da ciwo ya zaunar da shi. Jikarsu ta ɗauke shi bidiyo a ciki, sannan ta ɗiga jan farce a kan madanni guda, ta ce, "Iya, nan kawai za ki taɓa." Iya ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta san ja. Tana taɓawa, sai ga mutumin a kujerarsa, yana tari, yana cewa, "Ke, wannan shayin ko ruwan wanka?" Kullum da safe sai ya faɗa mata, kullum sai ta rama.

"Na ji, ta wuce shekara biyar. To sai me? Wa ya yanka mata wa'adi? Masu sayarwa? Ai dole. Ka taɓa jin mai takalmi ya ce naka na da sauran rai?"

Ta saurara, tana taɓe baki.

"A ina za a ajiye bidiyon uban naka? Sake faɗa, kunnena ne ko bakinka? A gajimare?"

Mai gyara ya yi gyaran murya. "Iya, ba gajimaren sama ba ne. Wani wuri ne da ake..."

Iya ta juyo gare shi. "Ɗana, ka taɓa zuwa wurin?"

"A'a."

"Ka san wanda ya je ya dawo?"

Ya gyara riƙon kwalinsa, ya koma kallon silin.

Ba yau Iya ta fara jin labarin gajimaren nan ba. Wancan canjin da ɗan ya yi, can ya aika hotunan bikinsa, ya kulle da wata kalma, ya manta kalmar. Har yau matarsa ba ta da hoton da za ta nuna wa 'ya'yanta cewa ta taɓa zama siririya. Shi ne yanzu zai kwashi tsoho, da tarinsa da kujerarsa, ya bi da shi ta hanyar nan.

"Ubanka a gabana aka fita da shi, na san inda aka kwantar da shi. Ɗan abin da ya rage mini, shi za ka rataya a sama, iska ta kaɗa shi garin da ba ni da kowa? Hotunan bikinka sun sauko ne? An yi damina nawa tun lokacin, ko ɗaya bai faɗo a tsakar gidan nan ba."

Wayar ta yi ta ƙara kamar ƙuda a kwalba. Iya ta gane ya koma kan zancen nauyi: wai kwamfutar ba ta tashi da wuri, wai sai an jira ta, wai kanta ya cika ba ya ɗaukar sabon abu. Gaskiya ne, tana da nawa. Iya kan kunna ta, ta je ta ɗora ruwa, ta dawo ta tarar tana miƙa. To ina Iya za ta? Wa ke jiran ta a ofis?

Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta matso da wayar daf da bakinta, ta yi magana a hankali yadda mai gyara zai ji kowace kalma. Abin da ta faɗa shi ya sa kwalin ya koma yadda ya zo, ko selotef ɗinsa ba a yanke ba.

"Kai ma sai da ka shekara huɗu kafin ka iya cewa ruwa. A kira ka da safe, ka amsa da azahar. Kakarka ta ce kanka ba ya ɗaukar komai, na ce a bar min abina, zai tashi. Da na san ana canza mai nauyin kai, ai da ba da kai nake waya yanzu ba."